Tsakuwar da Ba Daga Jikina Ta Fito Ba

Ranar Laraba, tara ga watan Maris, da hantsi, ina tsaye a hawa na biyu na wani gini da muke zuba wa kankare, wayata ta yi ƙara a aljihu. Matata ce. Ba ta yi sallama ba, ba ta tambayi aiki ba, cewa kawai ta yi, "Yaya ta cika." Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na nemi bulo na zauna a kai, injin kwaɓa siminti yana ta ruri a ƙasa. Allah ya karɓi abarsa bayan jinyar wata biyar, tana da shekara sittin da uku a duniya. Ta bar 'ya'ya huɗu da jikoki tara, da ɗimbin marasa lafiya da suka bi ta hannunta, waɗanda ba mai iya ƙirga su.

Yaya, yau kwananki goma sha biyu a makwancinki. Waɗanda suka fi ni iya magana sun yi, sun yabe ki, kuma duk abin da suka faɗa gaskiya ne. Ni magini ne, hannuna ya fi sabawa da cokalin gini a kan alƙalami. Na zauna rubutun nan ne saboda akwai magana guda da ba wanda zai iya faɗarta sai ni, kuma shekara goma sha ɗaya ke nan tana bakina na kasa furta ta. Magana ce da ta shafi sunanki, wanda ni na ɓata, na kuma bar shi a ɓace har aka kai ki.

Ga wanda bai san ta ba, marigayiyar yayar matata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ce kuma ta riƙe ta bayan rasuwar mahaifiyarsu. Nas ce. Ta yi shekara ashirin da biyu a sashen ƙoda da mafitsara na babban asibiti. A gida Yaya muke ce mata, 'ya'yana suna kiranta Inna, amma a asibiti ba mai nemanta da wani suna sai Mama Sha-Ruwa. Sunan ya bi ta har kasuwa. Na taɓa raka ta sayen ƙofa, wani mai tura kura ya hango ta daga nesa, ya tsaya ya ɗaga gorar ruwansa sama yana kaɗa mata, yana cewa, "Mama, ga shi ina sha!"

Kin ci wannan suna da guminki, Yaya. Ba a shigowa ɗakinku da ciwon tsakuwar ƙoda a fita ba tare da gorar roba wadda kika ja wa layi da jan alƙalami ba: nan kafin hantsi, nan kafin azahar, nan kafin rana ta faɗi. Kofi goma a yini, kina cewa, ba tara ba. Kina koya wa dattawa su duba launin fitsarinsu ba tare da kin sa sun ji nauyi ba. "Baba, in ka ga ya yi kalar shayi, to ƙodarka tana kuka ne. So nake ya yi fari-fari." A aljihun teburinki akwai matatan shayi sababbi, kina ba duk wanda aka sallama ya je ya jira tsakuwarsa ta fito, domin ya riƙa tace fitsari ya kama ta, a kai ɗakin gwaji a gano irinta, a san abin da zai rage a abincinsa. A gidanmu kuwa, duk ranar da kika zo, kwanon gishiri kan ɓace daga tebur, sai bayan tafiyarki a tsince shi a saman firji.

Wani direban babbar mota ya ba ni labari a wurin gaisuwar rasuwarki. Ya ce ranar da aka kawo shi birgima yake yi a ƙasa gaban matarsa da surukinsa, yana ihu, kunya kuma ta fi ciwon cin sa. Kika durƙusa kusa da shi da allura a hannu, kika ce, "Yi kukanka, ɗana. Na haihu sau huɗu, na kuma ga wannan ciwo sau dubu, ban isa in ce maka wanne ya fi ba." Ya ce tun daga ranar bai ƙara jin kunyar hawayen ciwo ba. Yana faɗa yana share ido, ni kuwa ina sunkuye, domin na san abin da kunya ta sa ni na yi miki.

Nawa ciwon ya zo ne wata ranar Litinin da rana tsaka, ina duba igiyar da aka ja wa bango. Ji na yi kamar an soka mini rodi a kwiɓin hagu an murɗa. Leburorina suka ɗauke ni a bayan motar yashi. Ke kika tarbe ni a bakin ƙofa, kika dube ni sau ɗaya kika ce, "Magini, shekara nawa ina ce maka rana tana shanye ka kana shan shayi maimakon ruwa?" Aka yi mini allura, aka ɗauki hoto. Likita ya nuna mini tsakuwar a allo, fara tas, ta baro ƙoda ta maƙale a siririn bututun da ke sauke fitsari zuwa mafitsara. Milimita takwas. Ya ce ƙanana sukan fita da kansu, wannan kuwa tana kan iyaka. Zai ba ni mako uku da ƙwayar da ke sassauta bututun, da maganin ciwo, da ruwa mai yawa. In ba ta fito ba, sai aiki. Ya ce na'urar da ke farfasa tsakuwa daga wajen jiki ba za ta kai gare ta ba, saboda ta sauko tsakanin ƙasusuwan ƙugu. Za a sa ni barci ne, a zura wata siririyar na'ura ta gabana har a kai inda take, a farfasa ta da haske a kwaso. Aka sa sunana a jerin masu jiran aiki. Kika miƙo mini gora mai jan layi da matacin shayi da 'yar kwalbar saka tsakuwa, kina dariya, kika ce, "Kai da ka ƙare rayuwarka kana tankaɗe yashi, wannan ba zai gagare ka ba."

Na yi dariya a lokacin, amma kalma guda ce ta zauna mini a kunne: ta gabana. Na san cewa ranakun aiki ke ce mai shirya marasa lafiya, ke ce mai raka su har ɗakin tiyata. Ke da ko hula ban taɓa cirewa a gabanki ba, ke da na durƙusa wa ranar da na je neman auren ƙanwarki. Na riƙa hango kaina kwance a kan tebur, ƙafafu a ɗage, kina tsaye. Da na buɗe baki na ce miki, "Yaya, ina jin nauyinki," na san da kin yi mini tsiya na minti ɗaya, kin sa wata ta tsaya a madadinki, shi ke nan magana ta ƙare. Ban faɗa ba. Ina jin kunyar a gan ni, ina kuma jin kunyar a san ina jin kunya. Ga tsoro a ƙarƙashi, wanda shi ma ban yarda na ambaci sunansa ba.

Mako biyu ina shan ruwa ina tacewa, ba abin da ya faɗo. A mako na uku ciwon ya ɗauke ɗif. Kin riga kin gargaɗe ni a kan wannan da bakinki, kin ce ɗaukewar ciwo ba fitar tsakuwa ba ce, wani lokaci ƙodar ce ta gaji da bugun ƙofa ta yi shiru. Na ji, na kuma zaɓi in manta. Na ce wa kaina ai ta narke, ko ta fita ban lura ba. Saura kwana huɗu a yi mini aiki.

Ga abin da na yi, kuma zan faɗe shi dalla-dalla, don kada wani ya yi mini uzurin cewa ruɗewa ce. Na je wurin aiki, na tsuguna gaban tsibin tsakuwar kankare, na tona na zaɓi guda biyar masu ƙaya-ƙaya irin waɗanda na gani a hoton da ke manne a bangon ɗakinku. Na ciro tef ɗina na auna su ɗaya bayan ɗaya, na ɗauki wadda ta yi milimita takwas. Na jiƙa ta a baƙin shayi kwana biyu har ta yi duhu. Na saka ta a 'yar kwalbar da kika ba ni, na rufe. Aikin mai hankalinsa ne, aikin wanda ya iya awo.

Ranar Alhamis na same ki a ɗakin duba marasa lafiya, layi har waje, kina rubutu da hannu ɗaya kina nuna wa wata tsohuwa hanya da ɗayan. Na ajiye kwalbar a gabanki. Kika ɗaga ta wajen hasken taga, kika juya ta, kika ɗan yi jim. Har yau ina ganin wannan jim ɗin.

Kika ce, "Magini, ka tabbata ita ce? A matacin ka same ta?"

Na ce, "Haba Yaya, ni zan yi miki ƙarya?"

Kika ce alhamdu lillahi har sau uku, fuskarki ta washe. Kika liƙa wa kwalbar takarda mai sunana domin a aika ta ɗakin gwaji, kika ce sakamakon yakan daɗe, don ba a nan ake yi ba. Ƙa'idar sashenku ita ce ba a cire sunan mutum daga jerin aiki sai an sake ɗaukar hoto likita ya gani da idonsa cewa hanya ta buɗe. Amma akwai wata tela da ta yi wata biyu tana jiran gurbi, tana zuwa tana komawa da ciwo. Kika ja layi a kan sunana, kika rubuta nata. Kika ba ni takardar hoto, kika ce in je a ɗauka gobe in kawo miki. Don wani baƙo ba za ki yi haka ba. Kin yi ne don mijin ƙanwarki ya ce ba zai yi miki ƙarya ba.

Takardar hoton ta ƙare a akwatin babur ɗina, tare da sifana da tsumma. Sau biyu kika kira ni a waya. Na farko na ce aiki ya riƙe ni. Na biyu na ce an ɗauka, sun ce ba komai, zan kawo miki takardar in na shigo. Kika ce, "To madalla. Kofi nawa yau?" Na ce goma.

Mako goma bayan haka zazzaɓi ya kayar da ni a tsakar gida, ina rawar sanyi haƙora suna haɗuwa. Ban san lokacin da aka kai ni asibiti ba. Tsakuwar tana nan inda likita ya nuna mini ita, ba ta matsa ko kaɗan ba. Ƙodar ta kumbura a bayanta ta cika da mugunya, dafin ya shiga jini. Aka huda bayana aka sa roba don a zuƙe, na yi kwana shida ban san wanda ke kaina ba. Daga baya suka auna suka ce ƙodar hagu ta mutu, barinta haɗari ne, aka cire ta. Aikin da na guje wa na rabin awa ne. Wanda aka yi mini ya ci awa huɗu, kuma ba abin da ya rage a jikina da ba a gani ba. An ce ke kika riƙa juya ni kina goge mini jiki duk kwanakin da ba na cikin hayyacina.

Ina farfaɗowa na tarar da wana, babbanmu, a bakin gado, idonsa jajur. Ya ce sun bincika, sun gano cewa an cire sunana daga jerin aiki ba tare da hoto ba, kuma sun san hannun da ya cire. Ya ce sun rubuta takardar ƙorafi ga shugabannin asibiti, shi da ƙannenmu biyu, don surukuta ba za ta hana a faɗi gaskiya ba. Ya sunkuyo ya ce, "Ka ji abin da na ce?" Yaya, na ji shi sarai. Na rufe idona na yi kamar barci ya ɗauke ni. Na ce gobe in na sami ƙarfi zan yi magana.

Kwamiti ya zauna. An ce ba ki kawo ko uzuri ɗaya ba. Cewa kika yi, "Ni na cire sunansa ban jira hoto ba. Ƙa'ida na karya, kuma na san ta." Aka ba ki takardar gargaɗi. Shugabancin nas-nas na sashen, wanda kowa ya san naki ne a ƙarshen waccan shekarar, aka ba wata da ke kika koya wa aiki. Aka ɗauke ki daga ɗakin marasa lafiya aka mayar da ke sito, wurin ƙirga zannuwan gado da safar hannu, a wani ɗaki mai taga ɗaya a bayan wurin wanki. Can kika ƙarasa shekarunki shida na aiki. Masu tsakuwa suka gano hanyar ɗakin, suna zuwa da gorunansu ki ja musu layi.

Akwai abin da ya fi wannan ci mini rai. Ranar da aka sallamo ni, matata ta je gidan wana ta durƙusa a gabansa tana kuka, tana ba shi haƙuri a madadinki. Ta dawo ta durƙusa a gabana ni ma, ta ce, "Ka yafe wa Yaya, wallahi ba da gangan ta yi ba." Na ɗora hannuna a kanta na ce na yafe. Ni, na ce na yafe miki. Wannan hannun da nake rubutu da shi ne.

Shekara goma sha ɗaya, 'yan'uwana ba su ƙara taka gidanki ba. In kun haɗu a wani taron dangi, gaisuwar baki kawai suke yi miki su kau da kai, ke kuwa sai kin tambayi 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya. Ba ki fasa zuwa gidana ba. Duk wata shida sai kin tasa ni gaba mun je an auna ƙodar da ta rage, kina zaune a benci kina jira da jakarki a cinya. Kika hana ni magungunan ciwon jiki da nake sha kamar gyaɗa, kika ce su ne ke cinye ƙoda. Kika sa leburorina su sa ido a kaina, har ya zama in na hau bene ba gora, sai wani ya ɗaga murya daga ƙasa ya ce, "Za mu faɗa wa Mama!" Kina cewa, "Guda ɗaya gare ka yanzu, Magini, ba ta da mai karɓarta in ta gaji." Ni kuwa na ɗauka laifin da kike ganin kin yi ne yake sa ki wannan hidima, na kuma bar ki a haka. Ina karɓar hidimar kamar haƙƙina ne.

Ba zan ce ban taɓa yunƙurin faɗa ba. Na sha tsara maganar a kan babur, in iso ƙofar gidanki ta watse. Kowace shekara da ta wuce sai ta ƙara mata nauyi, domin yanzu ba ƙaryar kawai zan amsa ba, har da shirun. Da kika kwanta ciwon ajali na zo duba ki sau bakwai. A zuwa na ƙarshe ɗakin ba kowa, 'yarki ta fita karɓo magani, rana tana shigowa ta labule. Kin rame har zoben hannunki yana juyawa. Na matso da kujera na ce, "Yaya, akwai wata magana da na daɗe ina so..." Kika dube ni, kallon da ban fahimta ba sai yanzu, kika nuna butar da ke kan tebur da haɓa, kika ce, "Zuba ka sha tukuna, leɓenka a bushe yake." Na zuba na sha. Kafin in ajiye kofin 'yarki ta dawo. Na ji daɗin dawowarta, Allah ya sani na ji daɗi.

A zaman gaisuwa, kwana biyu da rasuwarki, wana ya zo, ya yi addu'a kamar kowa. Da zai tashi ya dafa kafaɗata, ya ce da muryar da na kusa da mu duk suka ji, "Allah ya ji ƙanta. Abin da ya faru ya wuce, mu dai mun yafe mata." Babban ɗanki yana zaune a gefena. Na ga yadda ya sunkuyar da kai, ya ce, "Mun gode, Baba." Yaro yana godiya an yafe wa uwarsa laifin da ba ta yi ba, ni kuma ina zaune a kan tabarmar makokinki na sake yin shiru.

Ranar Asabar da ta wuce babbar 'yarki ta zo gidana da rana, ta kira ni waje, ta miƙo mini wata ambulan da ta tsinta a ƙasan akwatin kayan aikinki. A bayanta an rubuta da jan alƙalami: a ba Magini hannu da hannu. Ta ce, "Baba, ban buɗe ba." Na shiga ɗakin ajiyar kayan gini na rufe ƙofa. A ciki akwai 'yar kwalbar, da sunana a jikinta da rubutunki, tsakuwar tana ƙara a ciki in an girgiza. Akwai kuma takardar ɗakin gwaji, layi biyu kacal: wannan ba daga jikin mutum ta fito ba, dutse ne irin na gini, da ɓurɓushin siminti a jikinsa. Aikina ya koya mini duba kwanan wata a kan kowace takarda. Na duba hatimin. Takardar ta iso hannunki kwana shida kafin kwamiti ya zauna.

Wato kin shiga gaban mutanen nan da ita a jakarki. Da kin ajiye ta a kan tebur, da magana ta juya. Wato kin sani lokacin da ƙanwarki ta durƙusa, kin sani duk ranar da kika zauna a benci kina jira a auna ni, kin kuma sani ranar da kika ce in zuba ruwa in sha. A bayan takardar kin rubuta: "Na sani tun ranar da ta zo. Ko ta gaskiya ce bai kamata in cire ka ba sai na ga hoto, don haka nawa laifin nawa ne. Naka na yafe. Kada ka faɗa wa ƙanwata, gidanta nake tsarewa. Kofi goma, ba tara ba."

Yaya, ki gafarce ni, na saɓa miki a wannan ma. Na sha karya umarninki don in tsare kaina, wannan ne karo na farko da na karya shi ba don kaina ba. Kin yafe naki, amma sunanki yanzu na 'ya'yanki ne, su za su ɗauke shi, kuma ba ni da ikon barin su suna godiya a kan tabarma. A ranar na kira matata na ajiye kwalbar da takardar a gabanta, na faɗa mata komai, tun daga tef ɗin awo har zuwa rufe ido a gadon asibiti. Ba ta yi kuka ba. Ta karanta rubutunki sau biyu, ta shafa shi da yatsa, ta ce, "Ka bar ni na durƙusa." Ta tashi ta shiga ɗaki. Tun daga ranar ba ta ƙara ce mini komai ba sai sau ɗaya. Da safe na fito zan tafi aiki na tarar da gorar nan mai jan layi a cike a kan babur. Tana tsaye a bakin ƙofa ba ta kalle ni ba, ta ce, "Ba don kai ba ne. Ta sha wuya a kan ƙodar nan." Ban san ko za ta yafe mini ba, ban kuma ga dalilin da zai sa in gaggauta ta ba.

Na je wurin wana na faɗa masa a gaban ƙannenmu. Na kai kwafin takardar ga shugabannin asibiti tare da bayanina da sa hannuna, na roƙi a saka a fayil ɗinki kusa da takardar gargaɗin. Na san wannan ba zai dawo miki da shekara shida na sito ba. Yanzu kuma ina faɗa a nan, domin duk wanda ya taɓa jin cewa sakacin Mama Sha-Ruwa ne ya ci ƙodar surukinta ya ji daga bakin surukin: ƙarya ce, ni na shirya ta, ni na auna ta, ni na kai mata a kwalba. Abin da kawai ta yi shi ne ta yarda da ni. Wanda kuma likita ya ce masa ya dawo a sake hoto, ya koma ko ciwo ya ɗauke, in kuma nauyin wani yake ji ya buɗe baki ya faɗa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanki huɗu da jikokinki, ga ƙanwarki wadda ta rasa yaya da uwa a rana ɗaya, ga abokan aikinki, da duk masu gora mai jan layi a inda suke. Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, ya albarkaci bayanta. Ku 'ya'yanta, ku ɗaga kanku, ba wanda yake da abin da zai yafe wa mahaifiyarku a wannan magana. Ni ne mai neman yafiyarku, kuma in kun hana ba ku zalunce ni ba.

Ya Allah, ga baiwarka ta zo gare ka. Ka ji ƙanta, ka gafarta mata, ka yalwata kabarinta ka haskaka shi. Ta rufa mini asiri shekara goma sha ɗaya alhali ban cancanta ba, ka rufa mata nata ranar da asirai za su tonu. Ta ƙare rayuwarta tana bin bayinka da ruwa, ka shayar da ita daga Alkausara, shan da ba ƙishi a bayansa. Ni kuma, ya Ubangiji, ka ba ni ikon haɗa ido da ita ranar da za mu tsaya a gabanka. Amin.